Da Na Gaba Ake Gane Zurfin Ruwa: Neman Maigida da Riƙon Amanarsa a Tarbiyyar Fagge da Sabon Gari

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiyarmu ta 'yan asalin Fagge mazauna sauran birane

 



Muna godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ɗora mana wannan nauyi, alhali kuwa a zauren nan akwai waɗanda suka fi mu shekaru da sani. Muna neman afuwarsu a duk inda harshe ya zame.

Abin da ya jawo wannan batu sananne ne ga duk wanda ke zaune a wani birni yana da ɗan abin yi. Da wuya wata ya wuce ba a kira ɗayanmu daga gida ba, a ce ga wane ya gama makaranta, ya yi bautar ƙasa, yana zaune, a taimaka a sama masa aiki. Mukan karɓi takardun yaro mu ce za mu duba, shi kuma ya koma majalisar unguwa ya ci gaba da jira. Bayan shekara biyu sai mu ji ya fara bin 'yan jagaliyar siyasa, ko kuma ya faɗa shaye-shaye, Allah Ya kiyaye. Sai mu ce yaran zamani ba su da haƙuri, su kuma su ce manya ba su da taimako. A ganinmu, abin da ya tsinke tsakaninmu da su shi ne wata tsohuwar igiya da ta riƙe Fagge shekaru aru-aru, wato dangantakar maigida da yaronsa, da ta malami da almajirinsa, da ta uwar ɗaki da 'yar ɗakinta. A kan wannan igiya muke son mu yi ɗan tsokaci.

Fagge: Garin da Aka Gina a Kan Amana

Masana tarihi da dama suna danganta kafuwar Fagge da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Unguwar tana wajen ganuwa, kuma zango ce ta baƙi da fatake, musamman Buzaye da sauran masu ratso hamada da raƙuma. Baƙon da ya sauka da kaya bai san farashin gari ba, bai san wa ke biyan bashi wa ke cinyewa ba, wani lokaci ma ba ya jin harshen. Saboda haka sai ya sauka a gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan aka sayar bashi. A irin waɗannan gidaje ne yara ke tashi, suna kai wa baƙi abinci, suna raka su kasuwa, suna jin yadda ake ciniki da yadda ake sulhu, har ranar da maigida zai ga yaro ya isa a ba shi amanar kaya.

Haka abin yake a ayarin fataken goro da ke zuwa Gwanja. Madugu ne shugaban ayari, jagaba ke gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki kuwa shi ke kula da sha'anin kuɗin fito da ake biya a hanya. Babu wanda ya taɓa zama madugu daga tafiyarsa ta farko. Sai ya yi shekaru yana kora jakai a bayan wani, ya san kowane rafi da kowane sarki, kafin mutane su yarda su ɗora rayukansu da dukiyarsu a hannunsa. Wannan ce ma'anar karin maganar da muka sanya wa jawabin nan.

Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ɗan madugu ne, amma mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta koma Ankara da zama. Wata dattijuwa mai suna Tata ce ta riƙe shi, kuma sunanta ne zuriyar ke amsawa har yau. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka buɗe cinikin gyaɗa, kamfanonin Turawa sun rasa yadda za su kai ga manomi a ƙauye, sai suka nemi attajirai irin su Ɗantata da Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo. Abin da waɗannan bayin Allah suka mallaka wanda Bature bai da shi, shi ne yaran da za a danƙa wa kuɗi su shiga ƙauyuka su dawo da gyaɗa da lissafi cikakke. Kowa ya san labarin raƙuma 20 na kuɗin azurfa da Ɗantata ya kai banki a 1929, amma ba a cika tambayar hannuwa nawa ne suka tara masa su ba, da kuma gidaje nawa ne suka tashi daga cikin yaransa kafin rasuwarsa a 1955. A cikin wannan gida ne Alhaji Aliko Ɗangote ya tashi, a hannun kakansa na wajen uwa, Alhaji Sanusi Ɗantata, bayan rasuwar mahaifinsa, kuma da jarin da kawunsa ya ba shi ya fara kasuwanci a 1977.

Mu da muka yi yarinta a kewayen Kantin Kwari mun ga wannan tsari da idonmu. Yaro yakan fara da share shago da ɗauko atamfa daga sito. Daga nan a bar masa shago ya tsare idan maigida ya tafi masallaci, sannan a fara aikensa banki, sannan a ba shi kaya ya kasa a tebur a ƙofar shago, ya sayar ya kawo uwar kuɗi ya riƙe riba. Idan ya yi shekaru ba a kama shi da ha'inci ba, sai maigida ya yi masa aure, ya yaye shi, ya kuma kai shi wurin manyan diloli ya ce, wannan yarona ne, ku ba shi kaya, in ya gaza ku zo wurina. Wannan kalma ɗaya ta fi duk wani jari da za a ƙirga masa a hannu. Mun ƙara ganin darajarta bayan gobarar da ta cinye Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, domin cikin waɗanda muka sani, waɗanda suka fi saurin miƙewa su ne masu wanda zai tsaya musu a ba su kaya bashi.

Darasi Daga Sabon Gari

Turawan mulkin mallaka sun kafa Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo jirgin ƙasa daga Kudu da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Titi ne kawai ya raba mu da su, kuma a yau ƙaramar hukuma ɗaya muke. A nan ne, ranar 8 ga Agusta 1950, wasu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU, cikinsu har da Abba Maikwaru da Mudi Sipikin da Magaji Dambatta da Bello Ijumu, wanda Bayarabe ne daga lardin Kabba. Malam Aminu Kano yana koyarwa a Maru a lokacin, daga baya ya ajiye aiki ya zo ya haɗu da su, har ya zama shugabansu.

Shi kansa Malam Aminu, wanda dubban mutane suka ɗauka a matsayin uba, yana da wanda ya zauna a gabansa. Da aka tura shi koyarwa Makarantar Midil ta Bauchi a farkon shekarun 1940, ya tarar da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya girme shi da 'yan shekaru, ya kuma haɗa zurfin ilimin addini da na zamani. Malam Aminu ɗan babban gidan malamai ne, ga shi ya fito daga Kwalejin Kaduna, amma hakan bai hana shi kai kansa ba. Sun yi ta muhawara a dandalin tattaunawa na Bauchi, kuma masu nazarin tarihin siyasar Arewa sun yi ittifaƙi cewa tasirin Zungur a kan tunanin Malam Aminu babba ne. Zungur ya rasu a 1958 bai tara abin duniya ba. Abin da Malam Aminu ya nema a wurinsa yana cikin kai ne da zuciya, shi ya sa bai ƙare da mutuwarsa ba.

Iyayenmu mata da ƙannenmu 'yan mata, ku ma kuna da abin koyi. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga NEPU a Zariya tana da shekara 17. Da ta ji labarin gwagwarmayar da Funmilayo Ransome-Kuti ta jagoranci matan Abekuta suka yi a kan haraji, sai ta yi tattaki har can domin ta gan ta, ta ji daga bakinta. Harshensu ba ɗaya ba, addininsu ba ɗaya ba, amma ta san abin da ta je nema, kuma ta dawo da shi.

Daɗin daɗawa, maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Ibo da ke sayar da kayan gyaran mota da magunguna da kayan gini a Sabon Gari suna da irin wannan tsari, kuma sun riƙe shi da kyau. Mutum yakan je ƙauyensu ya ɗauko yaro a gaban iyayensa da shaidu, a yanka shekarun da zai yi yana hidima, galibi biyar zuwa bakwai, bayan haka wajibi ne maigida ya kama masa shago ya zuba masa kaya. Wanda ya ƙi sallamar yaronsa zai sha kunya a taron 'yan garinsu. Abin da suka fi mu da shi a nan shi ne ƙayyade wa'adi da kafa shaidu, domin a wurinmu mun sha ganin yaron da ya yi furfura a shagon maigidansa yana jiran ranar da ba a taɓa ambata masa ba.

Inda Muka Saki Hanya

Jama'a, a yau idan matashi ya ce yana neman ubangida, sau da yawa abin da yake nufi shi ne wanda zai riƙa ba shi na cefane, ko ya yi masa hanyar kwangila, ko ya ba shi takarda zuwa wani ofis. Sai ka ga samari sun cika ƙofar gidan mai muƙami tun da asuba, suna jinjina suna kirari, ranar da muƙami ya ƙare kuwa ko kare ba ka gani a ƙofar. Wannan maula ce, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Wayar salula ta ƙara sauƙaƙa abin, domin yanzu yaro zai samo lambar mutumin da bai taɓa gaisarwa ba, saƙonsa na farko gaisuwa, na biyu lambar asusun banki.

Za mu faɗi wani abu a kan kanmu domin kada a ce muna ɗora laifi a kan yara kaɗai. Shekarun baya an turo mana wani yaro mai hankali daga gida. Muka karɓe shi, muka riƙa aikensa yana kai yara makaranta yana yi mana cefane, har shekara uku, ba mu taɓa zaunar da shi mun nuna masa yadda aikinmu yake tafiya ba, ba mu kuma taɓa gabatar da shi ga kowa ba. Ranar da ya zo yi mana sallama cikin ladabi ya ce ya samu wani bakanike da zai koya masa gyaran janareta, sai muka ji haushi, muka ce yaro ya yi butulci. Da muka natsu sai muka gane mu ne muka ci amanarsa. Mun mayar da shi ɗan aike, alhali iyayensa almajiri suka kawo mana. Yau yana da garejinsa da yara a ƙarƙashinsa, kuma ladan wannan bakanike ne ya kwashe, ba mu ba.

Shawara Ga Matasa

Ƙannenmu da 'ya'yanmu, ga abin da muka koya, wani daga iyaye, wani daga kuskurenmu.

Da farko, ka san abin da kake nema kafin ka san wanda kake nema. Idan ɗinki kake so ko lissafin kuɗi ko aikin lauya ko sayar da yadi, nemi wanda ya ƙware a wannan fanni, ko da ba ya hawa babbar mota. Sau da yawa wanda zai amfane ka yana layinku, ba ka ganinsa ne saboda idonka na kan wanda ake nunawa a talabijin.

Na biyu, ka binciki halinsa kamar yadda ake binciken gidan da za a nemi aure. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce, yara nawa ya yaye, kuma ina suke yanzu? Idan duk wanda ya zauna da shi ya fita da kuka, kai ma ba za ka fita da dariya ba. Ka kuma dubi yadda yake samun dukiyarsa, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Na uku, ka shiga ta ƙofa. A al'adarmu babba ne ke kai yaro wurin babba. Nemi mahaifinka ko limamin unguwa ko wani dattijo a wannan ƙungiya ya gabatar da kai, domin wanda aka kawo yana da mai jan kunnensa, kuma maigida ya fi sakin jiki da shi.

Na huɗu, ka fara da hidima kafin buƙata. Zumunta a ƙafa take. Ka je gaisuwa ranar da ba ka neman komai, ka halarci suna da jana'izar gidansa, idan ka ga wani aiki da za ka iya ɗauke masa, ka ɗauke ba sai an sa ka ba. Ku da kuka iya kwamfuta kuna da abin bayarwa da mu ba mu da shi a zamaninmu, domin akwai manyan 'yan kasuwa da yawa da ke buƙatar wanda zai tsara musu lissafi ko ya rubuta musu wasiƙa zuwa kamfanonin Sin da Dubai. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle durƙusa wa wanda ya fi ka.

Na biyar, haƙuri da kame baki. Malamanmu suna karantar da mu ƙissar Annabi Musa da Halliru a cikin Suratul Kahfi, yadda Annabi mai girma ya yi doguwar tafiya domin neman ilimi wurin wani bawan Allah, aka kuma gindaya masa sharaɗin haƙuri da jinkirta tambaya har lokacin bayani ya zo. Za ka ga abubuwa a gidan maigidanka da shagonsa waɗanda ba na faɗa ba ne. Ranar da sirrinsa ya fita ta bakinka, ranar ka rufe wa kanka ƙofarsa da ta duk abokansa. Amma haƙuri bai haɗa da bin sa cikin saɓon Allah ko cutar jama'a ba. In ya kai ga haka, ka yi sallama ka kama gabanka.

Na shida, idan ya ba ka shawara ka yi aiki da ita, ka dawo ka gaya masa yadda ta kaya. Babu abin da ke ƙarfafa wa babba gwiwa kamar ya ga maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba.

Wata rana kuma ra'ayinku zai saɓa, domin yaro ba ya dawwama yaro. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a jam'iyyar PRP ba bayan zaɓen 1979, lokacin da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi da wasu almajiran Malam Aminu suka saɓa da shi, gida ya rabu zuwa santsi da taɓo, har Malam ya rasu a watan Afrilun 1983. A zauren nan akwai waɗanda suka tsaya a kowane ɓangare, kuma ba mu zo tayar da tsohon miki ba. Abin lura kawai shi ne, bayan ƙura ta lafa, kowane ɓangare da sunan Malam yake tinƙaho. Saboda haka idan rabuwa ta zama dole, ka rabu da maigidanka ta yadda gobe za ka iya shiga zaurensa ka gaishe shi, kuma ka iya ambaton sunansa ba tare da ka sunkuyar da kai ba.

Nauyin da Ke Kanmu

Iyaye da 'yan'uwa, yaro ba zai sami na gaba ba idan na gaba ya shige gida ya sa maigadi a ƙofa. Iyayenmu a zaure suke zama, kowa ya san lokacin da zai same su. Hausawan da suka riga mu zama a Kudu, a Sabo ta Ibadan da Agege ta Legas, da wannan tsari na maigida suka riƙe cinikin goro da na shanu shekara da shekaru a ƙasar da ba tasu ba. Mu da muka zo da takardun digiri bai kamata mu kasa abin da suka iya ba.

Don haka muna gabatar wa wannan taro shawarwari uku domin a tattauna. Na ɗaya, kowane reshe ya rubuta sunayen 'ya'yansa da sana'ar kowa, a ajiye kwafi a hannun dattawanmu na gida, domin uban da ke neman inda zai kai ɗansa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Na biyu, duk wanda Allah Ya rufa wa asiri a cikinmu ya ɗauki yaro ɗaya ko yarinya ɗaya daga Fagge, a zauna gaban iyaye da wakilin ƙungiya a faɗi abin da za a koya masa da shekarun da zai yi da yadda za a sallame shi, a rubuta a sa hannu. Iyayenmu mata ma'aikata da 'yan kasuwa su ne za su riƙe mana ɓangaren 'yan mata. Na uku, a taron baɗi, in Allah Ya kai mu, kowane reshe ya tashi ya faɗi yara nawa ya ɗauka da inda aka kwana, kamar yadda ma'aji ke karanta mana rahoton kuɗi.

Mun sani wani zai ce ya taɓa ɗaukar yaro ya cuce shi. Gaskiya ne, ana samun haka, kuma an samu a zamanin iyayenmu ma, amma ba su rufe zaurukansu ba, da sun rufe da yawancinmu ba mu zauna a kan waɗannan kujeru ba. Kowa a nan ya ɗan yi shiru ya tuna wanda ya fara cewa da shi, zo nan yaro, riƙe wannan. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, ba kuma za mu iya biyansu ba sai ta hanyar 'ya'yan wasu.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da iyayen gidanmu da suka rigaye mu, Ya sa aljanna ce makomarsu. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da Fagge da Sabon Gari da Kano da Nijeriya lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.